Ƙofar Motar Yaya Garba

Kun sha tambayata abin da ƙofar mota take yi a zauren gidan nan, ni kuma na sha ce muku ku bar ni da tarkacena. Uwarku ta yi mita har ta gaji, ta ce kunamu ne kawai suke morarta. Sau biyu 'yan gwangwan suna zuwa tayin ƙofar ina sallamarsu. To yanzu ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara, kuma abin da 'ya'yan Yaya Garba suke faɗi a kaina a wuraren suna da ɗaurin aure yana dawo mini, wai na bi ta kotu na cinye motar ubansu. Ban ga laifinsu ba. Amma gara ku ji daga bakina tun ina iya riƙe biro, don in na tafi kowa nasa zai ba ku.

Yaya Garba wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babanmu ya rasu a Kwalkwalawa ban fi shekara shida ba, kuma daga ranar Yaya ya zama uba. Shi ya sa ni makarantar allo, shi ya sa ni ta boko har na iya wannan rubutun da kuke gani, shi ya yi mini aure. Da na ce ina son fataucin albasa, bai tsaya dogon tunani ba, ya sayar da rabonsa na fadamar gado ya danƙa mini jari. Shi kuma ya shigo Sakkwato yana sana'ar fatu. Shekaru suka juya, ni Allah ya buɗa mini, shi kuma fatu suka karye masa, ciwon ido ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Mutum ne da ko yunwa za ta kashe shi sai ya sa babbar riga wankakkiya ya fito ƙofar gida, don haka ba wanda ya gane.

Shekarar da na sayi babbar mota mai bodin katako, mai yin takardu ya tambaye ni sunan da zai sa. Ban ko ɗaga kai ba na ce Alhaji Garba. Ku da kuka tashi yanzu za ku ce wauta ce, amma a gidanmu ƙane ba ya rubuta sunansa a jikin dukiya wansa yana raye, ballantana wan da ya raine shi. Mai fenti ya rubuta sunan a jikin ƙofar direba da farin fenti, ya yi masa ado da ganye. Muka tsara abin yadda ya dace. Duk sanda mota ta dawo daga tafiya, direbanmu Malam Shehu zai fara zuwa zauren Yaya, ya durƙusa ya ajiye makulli da abin da aka samo, Yaya ya sa albarka, sannan ya raba na cefanen gidajen biyu da hannunsa. Kafin shekara ta zagayo unguwa ta raɗa masa Alhaji Garba Mai Mota. Wanda zai kai kayan amarya ƙauye wurinsa yake zuwa, masu ginin masallaci in suna son yashi wurinsa suke zuwa, in an yi rigima a majalisa shi ake jira ya yi magana ta ƙarshe. Ni kuwa sai ya aike ni a gaban mutane in duba taya, in tashi da gudu. Wallahi daɗin haka nake ji. Mu uku muka san gaskiyar maganar a gida, ni da shi da uwarku, kuma shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa furta ta.

Sai shekarar da aka rufe kan iyaka. Mun yi lodin albasa za a kai ƙetare kamar yadda muka saba, da takardunmu cikakku. Malam Shehu yana kan hanyar Illela umurnin ya fito. Bai ma isa iyaka ba, yana neman wurin juyawa, wasu jami'an gwamnati suka tare shi, suka ce fasa-ƙwauri yake yi. Suka kwana biyu da shi suka sake shi, motar kuwa suka ja ta zuwa wani fili mai katanga da suke tara motocin da suka kama. Na je na roƙa a bar ni in sauke kayan ko da motar za ta zauna, suka ce kayan shaida ne. Shaidar me, ba wanda ya faɗa. Ba su kai mu kotu ba, ba su tuhume mu da komai ba, ba su ba mu ko guntuwar takarda ba. Albasa a cikin buhu, a rufe da tamfol, a ranar Sakkwato. Sati na uku ruwan baƙi yana ɗiga ta ƙasan bodi, masu gadin da kansu suka mayar da bencinsu can nesa da ita.

Muka shiga kamun ƙafa, abin da muka iya ke nan. Yaya zai sa babbar riga, in riƙe masa hannu, mu je gidan wane, ya tura mu wurin wane. Kowa zai tarbe mu da fara'a, ya ce ai ƙaramin abu ne, mu dawo Litinin. Goro ya tafi, turare ya tafi, rago ma ya tafi har biyu. Wani ya ce umurni daga sama yake, na saman ya ce bai san da maganar ba, wanda ya kama motar kuma aka yi masa canjin wurin aiki, sabon ya ce shi bai gaji laifin kowa ba. Shekara guda cur muna wannan yawo. A gida kuwa tukunya ta fara ramewa. Har lokacin Yaya ne yake raba cefane, sai dai ni nake sayar da ɗan abin da nake da shi a ɓoye in kai masa da asuba kafin mutane su taru.

A cikin wannan hali na je Sabon Gari wurin Malam Yohanna, makanikin da yake duba mana motar tun tana sabuwa, mutumin Filato ne amma a nan ya yi furfura. Gaisuwa kawai ta kai ni, don na gaji da zaman gida. Ya saurare ni, ya goge hannu, ya ce in jira 'yarsa Rifkatu, ta zo hutu daga Abuja. Yarinyar da na sani tana kawo wa ubanta abinci a kwanon sha, ashe ta zama lauya. Ta zauna a kan tsohuwar taya ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ta ce ƙasashen Afirka sun sa hannu a wata yarjejeniya, tamu tana ciki, cewa ba za a karɓe wa mutum dukiyarsa ba sai da dalili na amfanin jama'a kuma ta hanyar doka. Ta ce akwai kotun ƙasashen yankinmu da take sauraron irin wannan, kuma talaka yana iya zuwa da kansa. Na ce ai ban ma san inda jami'in da ya kama motar yake ba.

"Baba, ba shi za ka kai ƙara ba," in ji ta. "Ƙasar za ka kai. Da kakinta ya tare motar, a filinta take ajiye. Abin da ya yi, ita ta yi."

Maganar ta shige ni. Shekara guda ana tura ni daga ƙofa zuwa ƙofa, kowa yana cewa ba shi ba ne, ga wata tana ce mini akwai wurin da ba a yarda da wannan amsa. Na kawo mata takardun washegari. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago ta ce wane ne Alhaji Garba, don shi zai shigar da ƙarar.

Na same shi a zaure bayan la'asar na faɗa masa. Ya ce:

"Ƙasa baki ɗaya, Umaru? Ni in kai ƙasa ƙara, in kwana ina? Ubanmu bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ni ma ba ni tsayawa. Abin da Allah ya ƙaddara naka na, shina dawowa. Ka bar zancen ga."

Na yi lallashi, na turo limamin unguwa, na turo abokansa, ya ƙi. Yau na gane ba tsoro kaɗai ba ne. Ya san in ya tsaya za a sa shi ya rantse cewa motar tasa ce, kuma Yaya ba ya rantsuwa a kan abin da ba haka ba. A lokacin ban ga wannan ba, taurin kan tsoho kawai na gani, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na koma wurin Rifkatu na fasa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce to akwai hanya ta biyu. Ni zan shigar da ƙarar a matsayin mai motar na ainihi, amma lauyoyin gwamnati za su fara da cewa ba tawa ba ce, don haka sai an kawo takardun rantsuwa: ta wanda ya sayar mini, ta dattijan kasuwar albasa biyu da suka san cinikina, sannan ta Yaya da kansa yana cewa ba shi da komai a cikinta. Ba ta matsa mini ba, in faɗi gaskiya. Ta ce in je in yi shawara da gida.

Uwarku tana tsince shinkafa na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Malam, mota ana sake saye. Wannan da za ka taɓa, in ya fashe ba a ɗinke shi."

Na ce mata ita ba ta san abin da ake ciki ba, bakuna ashirin da wani abu suna kaina, biyu daga cikinku suna jami'a, ita kanta ta sayar da 'yan kunnenta. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ban gaya mata ba, shi ne na gaji da a mayar da ni ba kowa ba. A kowane ofis Yaya ake ba kujera, ni ina tsaye da jakar takardu, ana ce mini yaron Alhaji ya jira a waje. Da ina jin daɗin haka. A wannan shekarar kuwa ya fara ci mini rai, kuma wani ɓangare na zuciyata yana so a sani cewa guminta nawa ne. Ku rubuta wannan a kaina, kada ku rage.

Ranar Alhamis na kai masa takardar. Da yake idonsa ba ya gani sosai, ni na karanta masa, ina fassarawa layi-layi: cewa shi Alhaji Garba bai sa ko sisi a sayen motar ba, bai taɓa mallakarta ba, an sa sunansa ne don girmamawa, kuma abin da yake rabawa a gida na ƙanensa ne. Ina karantawa, shi kuwa yana jan carbi.

"Gaskiya ta," ya ce. "Ba ƙarya ciki. Gaban mutane za a karanta ta?"

"A'a, Yaya. Abuja kawai, wurin alƙalai."

"To kawo."

Ya jawo takardar dab da fuskarsa, ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, ya busa tawadar kamar yadda ake yi wa allo. Na san sarai cewa dattijan kasuwa biyu za su sa hannu a tasu takardar, kuma na san bakin kasuwar albasa. Na sani, na ce masa a'a.

Ba a yi sati ba magana ta zagaye unguwa. Ba wanda ya zage shi, mutanen Sakkwato ba su yin haka. Abin da ya faru ya fi zagi ciwo. Masu gaishe shi suka fara tsayawa a Alhaji Garba, su haɗiye sauran. Wanda yake neman alfarma sai ya gaishe shi a tsaye ya wuce gidana. A majalisa in ya yi magana ana saurare, amma ba a jira tasa kafin a yanke. Wata rana wani mai barkwanci, ba da mugun nufi ba, ya ce ashe Umaru ne uban gida, mu muna ta gaida ɗan rakiya. Aka yi dariya, Yaya ma ya yi. Washegari bai fito ba. Ya ce rana tana damun idonsa. Daga nan sai masallaci, ya yi salla a sahun baya ya koma. Da na kai masa na cefane da asuba kamar kullum, ya ce in riƙa aika wa matan kai tsaye, ba sai na wahalar da kaina ba.

Shari'a kuwa ta ja. A ɗaga, a sake ɗagawa, lauyoyin gwamnati ba su zo ba, sun zo ba su shirya ba. Sau ɗaya na je Abuja, na zauna a bayan Rifkatu a wani ɗaki mai sanyi, alƙalai daga ƙasashe daban-daban, wani da Turanci wani da Faransanci, ni ba na tsintar komai sai sunana da na Yaya in sun gifta. Na ji an karanta takardarsa. Ranar hukunci ban je ba, ta kira ni a waya ina bakin shagon wani abokina. Ta ce mun yi nasara. Kotu ta ce ko da an rufe iyaka, ba a riƙe dukiyar mutum ba tuhuma ba shari'a ba ranar saki, kuma ƙasa ba za ta fake da cewa ƙananan ma'aikata ne suka yi ba, alhakin yana wuyanta. An umurce ta ta saki motar, ta biya diyyar kaya da ta zaman banza. Na ce alhamdu lillahi, na jira in ji farin ciki, ban ji komai ba sai gajiya.

Duk da haka na tafi wurin Yaya da takardar hukuncin, ina tunanin ko za ta wanke wani abu. Yana kwance a tabarma, ya rame. Na faɗa masa duka, har da cewa alƙalan ƙasashe sun tabbatar an zalunce mu.

"Madalla," ya ce. "Allah shi sa albarka. In sunka ba ka ita, ka sa a goge sunan ga na jikin ƙofa. Kar a sake wahal da kai."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ya yi fushi da na samu abin riƙewa. Na ce Yaya ka yafe mini. Ya ce me na yi, ai dukiyata na nema. Ya juya ya fuskanci bango.

Abin da Rifkatu ta gaya mini tun farko, ni ne ban saurara ba, shi ne wannan kotu ba ta da 'yan sanda. Tana faɗa ne, ƙasa ta cika don ta sa hannu a alkawari. Muka koma rubuta wasiƙu. Ita ta rubuta, ni in buga mata waya, ta ce an kai teburin wane. Baiwar Allah ba ta gaji da ni ba, ni ne na gaji da kaina. Diyya dai har yau da nake rubutun nan ban ga ƙeyarta ba, kuma na daina tambaya. Yaya ya rasu a damina ta biyu bayan hukuncin. A wurin jana'iza na ji mai sanarwa yana cewa Alhaji Garba, wan Alhaji Umaru mai albasa. Mutumin da ya raine ni, da ni aka kwatanta shi.

Bayan wata bakwai aka aiko takarda wai in zo in ɗauki motata. Na ɗauki Malam Yohanna muka je. Tayoyin sun zube sun manne da ƙasa, an cire batir da fitilu da duk abin da hannu zai iya kwancewa, katakon bodi gara ta cinye. Inda ruwan albasa ya jiƙa ƙasa, wata bishiyar dogon yaro ta fito ta tsakiyar bodin, ta fi ni tsawo nesa, har masu gadi sun ɗaura mata igiyar shanya. Malam Yohanna ya leƙa injin, ya rufe. Wani matashin jami'i ya miƙo mini littafi in sa hannu cewa na karɓi mota. Na sa. Na zagaya wajen direba. Rana ta cinye fentin ko'ina, amma ƙofar nan katanga ta yi mata inuwa, sunan yana nan fari da adonsa na ganye, kamar jiya aka rubuta. Na zauna a ƙasa a gaban yaran nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

'Yan gwangwan suka zo da wutar yanka ƙarfe suka kwashe ta gunduwa-gunduwa. Na ce a kwance mini ƙofar, Malam Yohanna ya kwance da hannunsa, muka ɗora a keke mai ƙafa uku muka kawo gida. Yaya ya ce in sa a goge sunan. A rayuwata wannan ne umurninsa na biyu da na saɓa, na farkon shi ne na kotu.

Takardar hukuncin tana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona. Ku adana ta, don ba ƙarya a cikinta, an zalunce mu kuma alhakin yana kan ƙasa. In wata rana ta tuna ta biya, ku karɓa, ku kai wa 'ya'yan Yaya, kada ku taɓa ko sisi. Fadamarsa ce ta zama albasata, albasar ta zama mota, wannan kuwa ba wanda ya tambaye ni a kotu, ni ma ban faɗa ba. Ƙofar kuma, ranar da aka fita da ni, ku wanke ta, ku ɗauka ku kai wa babbar 'yarsa Hajiya Balki. Za ta iya ƙin karɓa, tana da zuciyar ubanta. Kada ku yi gardama da ita, kada ku nuna mata wata takarda. In ta tambaye ku ta wace ce, ku ce ta Alhaji Garba Mai Mota ce, ku faɗi sunan har ƙarshe.